Sharhi: Ka haɗa kwamfutarka da kanka ko ka sayi haɗaɗɗiya? Tsadar RAM ta rusa tsohon lissafi

A ranar 3 ga watan Disamban 2025 kamfanin Micron na ƙasar Amurka ya sanar da cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane RAM da faifan ajiya na SSD masu tambarin Crucial, sunan da masu haɗa kwamfuta suka saba da shi kusan shekaru 30. Dalilin da ya bayar shi ne yana son mayar da ƙarfinsa wajen manyan cibiyoyin fasahar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, waɗanda ke kwasar kaya da yawa kuma suna biya da tsoka. Labari ne mai kama da wanda bai shafe mu ba. Sai dai duk matashin da ke tara kuɗi a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai don ya buɗe shagon buga takardu ko ɗakin tace bidiyon biki, da duk mazaunin ƙetaren da ƙanensa ya dame shi da roƙon kwamfuta, wannan sanarwa ta taɓa aljihunsa.

Shekaru da dama shawara ɗaya ce ke yawo a YouTube da bakin abokai masu ƴar sani: kada ka sayi kwamfutar tebur haɗaɗɗiya, ka sayi kayanta ɗaya bayan ɗaya ka haɗa da hannunka, za ka samu mai ƙarfi da kuɗi kaɗan. Shawarar tana da gaskiyarta a ƙasashen da aka haife ta. A Nijar kuwa tun da can tana ɗingishi, yanzu kuma farashin RAM ya ƙara karya mata ƙafa.

Abin da ya samu RAM

RAM ita ce wurin da kwamfuta ke baje aikin da take yi a daidai lokacin, kamar teburin tela: in ya yi ƙanƙanta, komai ƙwarewar telan sai aiki ya riƙa tsayawa. Kamfanoni uku ne ke ƙera kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan kaya a duniya, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, sai Micron. Injinan AI suna buƙatar wata RAM ta musamman mai suna HBM, wadda ke cin kayan ƙira kusan ninki uku na abin da DDR5 ta gama-gari ke ci, kuma ribarta ta fi yawa nesa ba kusa ba. Da masana'antun suka juya gare ta, sai kason masu kwamfutar gida ya ragu. A watannin ƙarshe na 2025 farashin sandunan DDR5 a shagunan Turai da Amurka ya ninka biyu, wasu har uku da ɗoriya. Tsohuwar DDR4, wadda mafi yawan injinan da ke kasuwanninmu ke amfani da ita, ita ma ta tashi, domin kamfanonin sun soma rage ƙera ta. Faifan SSD ya bi sahu.

Abin lura a nan shi ne wanda tsadar ta fara dafewa. Dell, HP da Lenovo suna sayen RAM ne da yarjejeniyar watanni, wani lokaci kuma suna da tarin kaya a rumbu. Shi Lenovo ma ya fito fili ya ce ya tara fiye da yadda ya saba. Mutum ɗaya mai neman sanda biyu kuwa farashin ranar zai biya. Shi ya sa aka wayi gari a wasu shagunan ƙetare kwamfuta haɗaɗɗiya ta fi arha a kan jimillar kayan da ke cikinta in an saye su daban-daban. Wannan rata ba za ta dawwama ba, tunda manyan kamfanonin su ma sun yi gargaɗin ƙarin kuɗi, amma ta isa ta nuna cewa maganar "haɗawa ta fi sauƙi" ba aya ba ce. Ta dogara ne ga kasuwar ranar, kuma gina sabuwar masana'antar RAM aikin shekaru ne.

Kaya bakwai, garanti babu

A ajiye farashi gefe, a dubi aikin kansa. Wanda zai haɗa kwamfuta yana buƙatar aƙalla abubuwa bakwai: furosesa, babban allon da komai ke hawa kansa, RAM, faifan ajiya, akwatin wuta, gangar jiki da fankokinta, sai katin hoto ga mai aikin bidiyo ko wasa. Haɗawar ba ta da wata wahala, matashin da ya iya kwance wayar salula zai koye ta cikin yini. Wahalar tana zuwa ne ranar da aka danna maɓalli allo ya ƙi kawo haske. Cikin bakwai ɗin wanne ne mai laifi? Ba ka sani sai kana da wani irinsa da za ka gwada, kuma ko ka gano, ina za ka mayar da shi?

Mai yin bidiyon da ke ba ka shawara daga Faransa yana da dokar Tarayyar Turai a bayansa: garantin shekara 2 a kan sabon kaya, da damar mayar da abin da ya saya ta intanet cikin kwana 14 ba tare da ya faɗi dalili ba. In RAM ta ƙi aiki, ya sa ta a ambulan, mako mai zuwa wata ta iso. Kai kuwa kayanka sun fito ne daga Dubai ko Guangzhou ta hannun wani ɗan kasuwa, ko daga titin Beirut na Kano, ko Computer Village ta Ikeja, ko cikin jakar wani ɗan uwa. Kowane yanki da mai shi, kuma galibi garantin bai wuce "a gwada a gabanka" ba.

Hanyar kayan ma ta ƙara tsawo. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville ta daina zama ƙofar kayan Kwatano kamar da. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma Yamai ta bar iyakarta da Benin a rufe, kuma kwantenoni da yawa suka koma bin tashar Lome su ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar jami'an tsaro. Ƙarin kwanaki ke nan da ƙarin kuɗin mota, ga kuma harajin kashi 0.5 cikin 100 da ƙasashen AES suka ɗora a 2025 kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancen. Mutanen Maraɗi da Damagaram suna da sauƙin Kano, kuma faɗuwar naira tun tsakiyar 2023 ta sa mai riƙe da sefa yana jin kansa a can. Amma kada a ruɗe: RAM da katin hoto da dala ake shigo da su Najeriya, ɗan kasuwar Kano kuma yana duba canji kafin ya buɗe baki. Sauƙin da ake samu ya fi yawa a tsohon kayan da ya daɗe a shago.

Zaɓi na uku, da tarkon da ke cikinsa

Gaskiyar kasuwarmu ita ce mafi yawan masu saye ba tsakanin sabuwar haɗaɗɗiya da sabuwar haɗin hannu suke zaɓe ba. Abin da ke cike da shaguna shi ne injinan gwanjo da suka fito daga ofisoshin Turai da Amurka: Dell OptiPlex, HP EliteDesk da ProDesk, Lenovo ThinkCentre. An ƙera su ne don su yi shekaru suna aiki daga safe zuwa yamma, kayan gyaransu sun yawaita, kuma kusan kowane mai gyara ya san cikinsu. Ga ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni ko ta Dan Dicko Dankoulodo mai rubuta kundin kammala karatu, ga mai shagon buga takardu, ga mai lissafin kanti ko kantin magani, wannan ita ce hanya mafi hankali a yau. Dalili guda ma ya isa: RAM ɗin tana ciki tun kafin a fara wannan tsada.

To amma akwai wani labarin da ya faɗo a daidai wannan lokaci. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, in ban da wani shirin ƙarin wa'adi na gyaran tsaro da aka sanar a lokacin cewa zai kai masu kwamfutar gida zuwa Oktoban 2026. Windows 11 kuma ba ta karɓar kowace kwamfuta: tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000. Cibiyar nazarin kasuwa ta Canalys ta ƙiyasta tun ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya zama shara saboda wannan sharaɗi. Wanda ya san inda tsofaffin motoci da firji na Turai ke ƙarewa, ba sai an gaya masa inda wani kaso na waɗannan injina zai dosa ba. Za su zo da tsabta, da sabuwar leda, da farashi mai daɗin ji.

Saboda haka lambar furosesa ita ce abin da mai saye zai fara koyon karantawa, kuma minti biyu ya isa. In an rubuta i5-6500, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin, wato na 6. In an rubuta i5-8500, na 8 ne. In lambobin biyar ne, kamar i3-12100, biyun farko ake karantawa, na 12 ke nan. Tsakanin i5-7500 da i5-8500 shekara ɗaya ce kacal, amma ta farkon tana da ƙwayoyin aiki huɗu kuma Windows 11 ba ta san da ita ba, ta biyun tana da shida kuma an yarda da ita. Babban abin da ake cin mutane da shi shi ne takardar "Core i7" da ke manne a gaba. I7-3770 ta shekarar 2012 ce, kuma ƙaramar i3-12100 ta 2022 ta fi ta gudu ƙwarai. Mai shago da ya ce maka "i7 ce fa" bai yi ƙarya ba, bai dai gaya maka shekarunta ba.

Ganin Windows 11 a kan allo ma ba hujja ba ce. Akwai manhajoji irin su Rufus da ke tsallake binciken a ɗora ta a kan tsohon inji, kuma Microsoft ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan injina gyara ba. A buɗe bayanan tsarin a karanta lambar da ido. Manhajar CPU-Z kyauta ce, tana faɗin ainihin furosesa da RAM. CrystalDiskInfo kuma tana nuna awa nawa faifan ya yi yana aiki da ko ya soma ciwo. Mai sayarwar da ya hana ka waɗannan gwaje-gwaje biyu ya riga ya ba ka amsa.

Wannan ba yana nufin inji mai zubi na 6 ko na 7 ya mutu ba. In aikin buga takardu ne kawai, ba a shiga banki ko asusun kasuwanci da shi, zai yi shekaru yana biyan buƙata, kuma Linux Mint ko Ubuntu suna tafiya a kansa lafiya lau ba tare da an biya ko dala ba. Abin da bai kamata ba shi ne a biya kuɗin mai sauran rai a kan wanda aka riga aka yi wa sallama.

Injinan ofis suna da nasu aibin, kuma a nan masu goyon bayan haɗawa suke da gaskiya. Da yawa daga cikin na Dell da HP suna da akwatin wuta da mahaɗai irin nasu na kansu, waɗanda na gama-gari ba ya shiga. Masu siririn jiki ba sa ɗaukar babban katin hoto, kuma wutarsu sau da yawa ba ta wuce wat 180 zuwa 260 ba. Abin da za a iya ƙara musu shi ne RAM, da SSD a madadin tsohon faifai mai juyawa (wannan canji shi kaɗai yana sa inji ya zama kamar sabo), da ƙaramin kati mai gajeren baki wanda ba ya neman wayar wuta ta daban, irin GTX 1650 ko RTX 3050 mai giga 6. Daga nan an kai bango.

Wuta, zafi da ƙura

Akwai tambayar da bidiyon ƙetare ba sa yi, domin ba ta dame su ba: me za a soka injin a jikinsa? Kafin rikicin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nigelec ke rabawa daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa mai ciyar da Maraɗi da Damagaram. An yanke ta a watan Agustan 2023, aka maido a Maris 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage zafi a babban birni, madatsar Kandadji kuwa ana nan ana jira. Kowa ya san yadda watannin Afrilu da Mayu suke, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma wuta ke tafiya tana dawowa yadda ta ga dama.

Kwamfutar tebur ba ta da batir. Duk ɗaukewar wuta faɗuwa ce a tsakiyar aiki, duk dawowarta da ƙarfi kuma duka ne a kan akwatin wuta. Akwatin wuta marar suna, wanda mai haɗawa ke saye a ƙarshe bayan kuɗi sun ƙare a katin hoto, shi ne ke mutuwa ya ja allo da kati su tafi tare. Wanda ya kashe dukan jarinsa a kan inji, bai bar komai ba don na'urar daidaita wuta da ta riƙe wuta ta UPS, bai gama sayayya ba.

Lissafin wat ma yana da nauyi. Babban inji mai katin hoto yana iya jan wat 400 in yana cikin aiki. Awa 8 ke nan kilowat-awa 3.2. Ƙananan injinan ofis masu girman littafi, OptiPlex Micro ko ThinkCentre Tiny ko EliteDesk Mini, suna zuwa da furosesa mai wat 35 da caja irin ta kwamfutar tafi-da-gidanka. In mun ɗauka suna jan wat 40, awa 8 ɗin bai wuce 0.32 ba, kashi ɗaya cikin goma. Faranti ɗaya na hasken rana da batir madaidaici za su riƙe irin wannan tare da allonsa, alhali babban injin sai an yi masa tanadin da zai iya fin kuɗinsa. Ga mai shago a unguwar da wuta ba ta da tabbas, wannan bambanci shi ne tsakanin rufe ƙofa da ci gaba da karɓar kuɗi.

Sai ƙura. Akwatunan gilashi masu fitilu kala-kala da fankoki shida, waɗanda ke cika hotunan Instagram, a lokacin hunturu injin zuƙar ƙasa ne. Mai irinsa a nan yana buƙatar raga a bakin fankoki, da ɗaga injin daga ƙasa, da hure shi a kai a kai.

Wanda haɗawa ta dace da shi

Duk da haka akwai waɗanda babu makawa sai sun haɗa, ko a haɗa musu. Mai tace bidiyon biki da waƙa a 4K, mai zanen gini da AutoCAD ko Revit yana fitar da hoto mai fuska uku, mai ɗakin wasan da yara ke biya su buga, duk waɗannan katin hoto ne ke kawo musu abinci, kuma injin ofis ba zai ɗauke shi ba. A wajensu haɗin hannu yana da wata fa'ida da ta fi arha muhimmanci: kowane yanki na gama-gari ne, in ɗaya ya mutu a cire shi a sa wani, ba sai an nemo mai tambarin kamfani ɗaya ba. Haɗaɗɗun injinan wasa masu araha kuma sukan ɓoye rowarsu a inda mai saye ba ya dubawa, wato akwatin wuta, da sandar RAM ɗaya tilo a inda biyu suka fi gudu.

Ko su ɗin, a wannan kaka, gara su yi ƙasa-ƙasa. Allon da ke aiki da DDR4, irin na AMD mai mazaunin AM4 ko wasu na Intel zubi na 12, yana ba da damar amfani da RAM ta hannu, kuma RAM na cikin kayan da ba su cika lalacewa da tsufa ba. Giga 16 yanzu, a bar gurbi a ƙara in kasuwa ta sauka. Katin hoto na hannu ne ke son taka-tsantsan: tun da Ethereum ta daina haƙa da katin hoto a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna ci dare da rana suka bazu a kasuwannin gwanjo, ga kuma na jabu da aka sauya wa suna. A gwada shi da aiki mai nauyi na aƙalla rabin awa kafin a miƙa kuɗi. Kuma ya fi kyau a saye kayan duka a wuri ɗaya, a biya mai shagon ladan haɗawa, domin ranar matsala a san ƙofar da za a buga.

Ga ƴan uwa mazauna ƙetare

Wanda ke Faransa, Beljiyam, Amurka ko Saudiyya kuma yake son taimaka wa na gida, babbar ganga ita ce abu na ƙarshe da ya kamata ya aiko. Tana da nauyi, kuɗin jirgi da na duwan suna cinye ribar, kuma katin hoto mai nauyi yakan tsage mazauninsa a hanya in ba a cire shi ba. Abin da ya fi amfani shi ne ƙananan kaya masu tsada waɗanda jabunsu ya yi yawa a nan: SSD na gaske, sandunan RAM, furosesa, ko ɗan ƙaramin injin ofis da aka sabunta wanda ke shiga jakar hannu. Kafin a sayi RAM a sa na gida ya ɗauki hoton lambar injinsa ya turo, domin DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, kuma ƙananan injinan suna amfani da gajerun sanduna irin na tafi-da-gidanka. Mai aiko da kuɗi daga Turai yana da sauƙin lissafi, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi: yuro 100 jikka 65 ke nan da ɗoriya, sai ya kwatanta da farashin da aka faɗa masa a Yamai kafin ya yanke ko kaya zai aiko ko kuɗi.

Na Amurka kuma su duba bayan injin. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 220. Sababbin akwatunan wuta suna daidaita kansu, an rubuta 100-240V a jikinsu, amma tsofaffi da masu araha suna da wani ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. In ya iso a kan 115 aka soka shi a Tawa, ƙara ɗaya zai yi da hayaƙi. A mayar da shi 230 tun kafin a rufe kwali, a kuma tuna cewa allon rubutun can QWERTY ne, alhali wanda ya koyi bugu a makarantunmu hannunsa AZERTY ya sani.